Ɗan Gidan Fawa a Shagon Naman Buenos Aires

Tun ban kai shekara goma ba nake riƙe wa Baba ƙafar bijimi a kwata, don haka ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya gaban nama in rasa bakin magana ba. Ranar ta riske ni a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, sati biyu da saukata.

Bayan an sauko daga Juma'a a masallacin Sarki Fahd da ke unguwar Palermo, wanda Saudiyya ta gina aka buɗe a 2000, wani dattijo ya kwatanta min shagon da ake sayar da yankan Musulmi. Ina shiga na zarce gaba, na miƙa hannu zan taɓa wata tsoka da ke kan katako, yadda muka saba. Mai shagon ya daka min tsawa, ya nuna min wata 'yar na'ura a bakin ƙofa: sai ka ciri lamba ka jira a kira ka. Duk matan da ke jira suka juyo suna kallona. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da layi ya zo kaina na ce a ba ni kilo ɗaya. Ya ce, na ina? Na yi shiru. Ya fara jero sunaye: vacío, lomo, matambre, entraña, asado de tira. Ko ɗaya ban sani ba. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta, ya ja ni gaban wani hoton saniya da aka yanyanka da layuka, kowane yanki da sunansa da kuɗinsa da irin girkin da ya dace da shi. Ya auna a sikeli, lambar ta fito ina gani, babu ciniki, babu cusa ƙashi da jijiya a ƙarƙashin leda. Ƙuda ko ɗaya ban gani ba.

A daren na gasa naman da gishiri kawai, yadda suke yi. Laushinsa ya sa na ajiye wuƙa, na zauna ina tunanin shanunmu.

Mutanen nan ba su gāji saniya ba. Turawan Sifaniya ne suka kawo ta. An fara kafa birnin a 1536 ya watse, wani Baturen Sifaniya mai suna Juan de Garay ya sake kafa shi a 1580, shanun da aka saki kuma suka yi ta hayayyafa a filayen ciyawar Pampas. Da fari fata ake nema, sai naman da aka busar da gishiri, har jiragen ruwa masu sanyi suka fara kai ɗanye Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Yau shanun ƙasar sun haura miliyan 50, sun fi mutanenta yawa. Manyan gine-ginen da baƙi ke ɗauka hoto, gidan wasan Colón na 1908 da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki a 1913, an yi su ne lokacin da kuɗin nama da alkama ke ambaliya. Na je dandalin Plaza de Mayo na ga fadar shugaban ƙasa mai ruwan hoda, na ga doguwar hasumiyar Obelisco, amma hankalina yana kan wancan hoton saniya.

Mu fa? A ɗauko sa daga Maigatari ko Potiskum, a cusa shi a tirela, ƙaho na sukar ciki, kwana biyu ko uku ba ci ba sha har Legas. Wanda ya faɗi a hanya a yanka shi a gefen titi. A feɗe a ƙasa, a wanke da ruwan da kowa ya san irinsa, a ɗora bayan babur ba rufi, ya yini a rana. Sannan mu ce nama ya yi tauri! Fatar da su suke jemewa su yi takalmi da jaka, mu mun babbake ta mun cinye ganda. Muna da kiwo, muna da iya yanka, addininmu ma ya hore mu da tausayin dabba. Me ya hana mu?

Kada a ce komai nasu ya yi. Farashi a nan yana tashi har mai shago ya gaji da goge allo. Kuma Musulmi sai ya yi ta tambaya: locro, faten masara da wake da suke dafawa ranar 25 ga Mayu don tunawa da juyin juya halinsu na 1810, da alade ake yin sa, haka tsiran-alade da ake jerawa a waya ɗaya da naman shanu. An gayyace ni gashin asado ranar Lahadi, awa uku nama na kan garwashi, ana zagaya ƙoƙon shayin mate kowa na zuƙa da bututu ɗaya. Mutanen kirki ne, har waya daban suka ware min, na kawo namana. Amma da na ɗanɗana miyarsu ta chimichurri, ganye da tafarnuwa da mai, sai kewar tsire ta taso min, ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa bayan Isha'i. A nan babu mai yi maka gyara, babu mahaucin da zai ce kai wa iyali, ka kawo kuɗin ranar kasuwa.

Na koma shagon na nemi izini na ɗauki hoton saniyar, na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya nuna wa Baba. Washegari saƙon murya ya iso. Baba yana bin yankunan ɗaya bayan ɗaya, wannan karfata, wannan awaza, wannan tantaƙwashi, ya ce duk muna da sunayensu, masu saye ne suka daina tambaya, yaran yanzu kuma suka daina koya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in tambayar masa mai shagon: shanun nasu, ina tozonsu?