Hattara da masu karɓar mota da sunan marayu

Jama'ar Gusau da kewaye, duk wanda yake da ƙaramar jif a ajiye, irin su RAV4 ko CR-V, kuma ransa ya raya masa ya bayar da ita sadaka, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya miƙa makulli.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun jingine motocinsu. Za ka shiga gida ka tarar da jif an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, batir ya mutu, maigida ya koma hawa babur. Wata kuma motar mamaci ce, magada sun yarda a bayar da ita don lada ya riƙa isa gare shi. Waɗannan motocin ne wasu suka sa wa ido.

Zuwansu ba irin na ɓarayi ba ne. Samari biyu ko uku ne, da tsabtar tufafi, da kati rataye a wuya, da fayil cike da hotunan yara a layin abinci. Sunan ƙungiyar ba ya rasa kalmar marayu ko zawarawa ko 'yan gudun hijira, kuma a Zamfara wa zai ji an ambaci mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu bai ji tausayi ba? Sai su ce motar kai marasa lafiya asibiti suke nema, ko ta kai abinci Anka da Maradun. Sun san hadisin sadaka mai gudana, har su riga ka kawo shi.

Wani ɗan uwana ya faɗa hannunsu, shi ya sa na san yadda zancen yake tafiya. Da ya ce su bari ya yi shawara, sai babbansu ya dafa shi ya ce, "Alhaji, aikin alheri ba a jinkirta shi, Shaiɗan yana iya shiga tsakani." Da ya ce bari ya kira limamin unguwa ya zama shaida, sai aka ce masa ai sadakar ɓoye ta fi lada, kada riya ta shigo. Kun ji inda makircin yake: an ɗauki maganar gaskiya an toshe masa ƙofar shawara da ta shaida. Suka zo da makanikensu da batir, suka tayar da motar a ranar. Suka karɓi takardun asali duka, har da ta kwastan, suka ce canjin suna su za su yi, kada ya wahalar da kansa. Abin da ya rage a hannunsa takardar godiya ce mai hatimi, irin wadda kowane shagon kwamfuta zai buga.

Ba su tsaya nan ba. Hoton motar suka sa a Facebook da zaurukan WhatsApp: an ba marayu mota, ana neman gudummawar gyara da fenti. Lambar asusun da suka rubuta ta mutum ɗaya ce, ba ta ƙungiya ba. Sun ci motar, sun kuma ci da ita. Daga baya layin wayar ya daina shiga, ofishin da suka kwatanta kuwa shago ne a kulle.

Asarar motar ita ce ƙarama. Muddin ba a canja suna ba, a wajen hukuma motar taka ce, lambar da ke jikinta kuma da sunanka aka yi mata rajista. Idan aka kama ta tana kai wa 'yan daji fetur, ko aka ganta a inda aka ɗauke mutum, ko ta kaɗe wani direban ya tsere, gidanka za a fara sallama. A halin da jihar nan take ciki, zargin hulɗa da 'yan bindiga ba abin da ake wankewa da takardar godiya ba ne.

Mai niyyar alheri kada ya fasa, hanya dai zai gyara. Ƙungiyar gaskiya tana da rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattunta, kuma ana iya duba sunanta a shafin hukumar ta waya. Amma rajista kaɗai ba ta isa ba, don ɗan damfara ma yana iya ara sunan wata ƙungiya. Ka taka da ƙafarka ka ga gidan marayun, ka tambayi mai unguwa da limamin wurin ko sun san su. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiyar. In duk wannan ya yi maka yawa, jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau, ka je ka ji yadda suke karɓar waƙafi.

Ranar miƙawa a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da lambar inji, da kwanan wata, da sharaɗinka: in waƙafi ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kamar yadda Sayyidina Umar ya sharɗanta a kan gonarsa ta Khaibar. Ku je ofishin lasisi tare a canja suna kana tsaye, ka riƙe kwafin komai. In motar gado ce, sai kowane magaji ya sa hannu. Rabon maraya ƙarami kuwa ba a sadaka da shi, ko da duk manya sun yarda. Ni a ganina ma, tsohuwar jif mai shan mai da yawan zuwa gareji nauyi ce a kan ƙaramar ƙungiya. Sau da yawa ya fi ka sayar da ita da kanka, ka sayi hatsi ko ka biya wa yara kuɗin makaranta.

Wanda ya riga ya bayar ba tare da canjin suna ba, kada kunya ta hana shi motsi. Ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa yau ya ba da rahoto a rubuce, ya karɓi shaidar rahoton ya adana, ya haɗa da lambobin wayar da na asusun da hotunan da suka wallafa. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, kuma EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙorafi.