Wace tsirkiya za ka saka wa jitar bes ɗinka, wato jita mai kaurin murya?

Bari in faɗi ra'ayina tun farko, ni mutumin filat ne, wato tsirkiyar nan mai sumul da aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe, in ka shafa ta kamar ka shafa gilashi. Ɗaya nau'in shi ne raund, mai kaushi, wanda yawancin sabbin jita ke zuwa da shi daga kamfani. Raund na da ƙara da kaifi, in salonka na marin tsirkiya da babban yatsa ne to ita ce taka, ba gardama. Amma tana mutuwa da wuri, datti da zufa su shige tsakanin naɗin, bayan 'yan watanni sautin ya dushe kamar an rufe sifika da bargo.

A filat ɗin ma ta kamfanin La Bella nake nufi, saitin 760FS, mai kauri 45 zuwa 105, wato lambar kaurin tsirkiya daga mafi sirantaka zuwa mafi kauri. Satin farko za ka ce me wannan mutumin ya sa na saya, tana da tauri, yatsu na ɗan mannewa, sautin ma wani iri. Yi haƙuri ka ba ta wata guda. Daga nan sai ta kwanta, ƙasan ya cika ya yi nauyi, kiii ɗin nan da yatsa ke yi in ka zame daga firet zuwa firet (ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) ya ɓace gaba ɗaya, kuma ba ta cin firet. James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown, La Bella filat yake sakawa, masu kauri ma har 110, kuma an san shi da cewa ba ya canzawa sai in ta tsinke. Nawa saitin shekara uku ke nan, goge ta kawai nake da tsumma in na gama. Abu ɗaya dai, in jitarka irin wadda tsirkiya ke ratsa jikin katako ta baya ce, kar ka lanƙwasa ta haka, naɗin zai iya buɗewa, akwai saitin da suka yi musamman don wannan.

Sauran fa? Rotosound Swing Bass 66, wadda suka fitar a 1966 tare da makaɗin bes John Entwistle, raund ce, sautinta kamar fiyano amma sitenles ce, wato ƙarfe mara tsatsa, tana kankare yatsa da firet. D'Addario EXL170, nikel, 45 zuwa 100, ba yabo ba fallasa, in ka rasa ta cewa ɗauke ta. Ernie Ball Slinky daɗi da farko, sai dai a hannuna mai zufa ba ta daɗewa. Elixir mai rufin leda ta fi su jurewa, ni dai santsinta bai min ba. Thomastik filat ce mai kyau amma ta yi min laushi da yawa.

Kafin ka biya auna jitarka, daga inda tsirkiya ke hawa a saman wuya zuwa sirdin da take zaune a kai a ƙasa. Yawanci inci 34 ne, gajeru irin Fender Mustang 30, wasu masu tsirkiya biyar 35. Na taɓa saka doguwa a gajeriyar jita, kaurin naɗin ya hau kan abin ɗaurewa, ina cikin murɗawa sai ji na yi tas, tsirkiyar E, mafi kaurin, ta tafi. Kuma in ka ƙara kauri wuyan jita zai ɗan lanƙwashe, sai an gyara sandar ƙarfen da ke cikinsa.

To yanzu maganar jabu, nan ne inda na ƙone. Na ga saiti a intanet da arha mai ban mamaki, kwalin wani babban kamfani, hoto tsaf, na ce kai yau na dace. Da na buɗe ledar ciki ba a like take da kyau ba, ɗan zoben da ke gindin tsirkiyar fentinsa na goguwa a yatsa, tsirkiyar G har da ɗigon tsatsa. Na saka duk da haka don taurin kai. A firet na 12 sauti ya ƙi daidaituwa ko ya na matsa sirdin, tsirkiyar A kuma mutacciya ce tun ranar farko, na yi kwana biyu ina zargin amfilifaya ba laifinta. Araha ba ta ado wallahi.

Saboda haka duba rubutun kwali, na jabu yakan yi dishi-dishi ko ka ga harafi ya ɓace. Ja tsirkiyar tsakanin yatsu biyu daga farko har ƙarshe, in ka ji tudu ko gibi a naɗin mayar musu. D'Addario na buga lamba a ledar ciki da za ka shigar a shafinsu ka tabbatar ta gaske ce, yi hakan kafin ka yanke ko ɗaya, don da zarar ka sa filaya ka datse babu mai karɓa. Mai sayarwa in ya ce ai kaya ɗaya ne kwali ne kawai babu, rufe shafin ka nemi dilan da kamfanin ya lissafa da kansa.