Manhajar addu'o'in da ta zauna da ni lokacin da aiki ya tsaya

Wata bakwai kenan da na sauke wannan manhajar ta azkar a wayata, a satin da aka rufe wurin aikinmu aka sallame mu gaba ɗaya, kuma gaskiya ba don ƙarin ilimi na sauke ta ba, barci ne ya ƙi zuwa, ƙarfe 2 na dare ina kwance ina lissafin kuɗin haya da bashin da ke kaina har ƙirjina ya yi nauyi, sai na ce bari in nemi abin da zan riƙa karantawa.

Akwai wani sashe a ciki da suka ware wa arziki da tawakkali, shi ne ya riƙe ni. Kowace addu'a an sa Larabcinta, da fassara, da muryar mai karantawa, sannan a ƙasa a rubuta maka inda ta fito. Wannan na ƙarshen ya fi min komai, don na gaji da saƙonnin da ake turowa a WhatsApp wai karanta kaza ƙafa dubu za ka ga kuɗi cikin kwana uku, ba ruwaya ba komai. Su ba su yi min alƙawarin kwana uku ba. Sun kawo aya ta 2 da ta 3 a Suratuɗ Ɗalaƙ, cewa wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita ya azurta shi ta inda bai zata ba, sai kuma addu'ar Annabi Musa a Suratul Ƙasas aya ta 24, wadda ya yi a Madyana yana baƙo ba shi da kowa, bayan ya shayar wa matan nan biyu dabbobinsu ya koma inuwa. Wallahi ranar da na lura cewa sai da ya taimaki wasu tukuna yana cikin nasa halin, na daɗe riƙe da wayar ban iya wucewa gaba ba.

Da asuba takan turo hadisi guda. Wata safiya na tsuntsaye ta turo, wanda Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, suna fita da yunwa su dawo a ƙoshe, kuma ɗan bayanin da ke ƙasa ya ja hankali cewa fita suke yi, ba a sheƙa suke zama ba. A lokacin na kwana huɗu ban leƙa waje ba don kunyar haɗuwa da wanda nake riƙe da kuɗinsa. Ranar na goge takalmi na fita, na fara zuwa wajensa na faɗa masa halin da nake ciki, ya ƙara min wata biyu.

Inda ta gaza kuwa, talla. Kana tsakiyar Allahummakfini bi halalika an haramika sai tallar masu ba da bashi da ruwa ta rufe maka fuskar waya, abin ya yi min ciwo sosai, mutumin da ke neman tsari daga bashi shi za a kawo wa wannan? Dabarata ita ce in kashe data kafin in buɗe, tunda tana aiki ba intanet, sai dai muryar ce ba za ta yi ba in ba ka riga ka sauke ta ba. Rubutun Larabcin ma ƙanana ne, mahaifiyata da na sa mata a wayarta ba ta iya gani sai dai ta saurara.

Aiki na dindindin har yanzu ban samu ba, ina ɗan buga-buga ne kuma alhamdulillahi ba mu taɓa kwana a waje ba. Tauraro 4 na ba ta cikin 5, na kuma rubuta musu su cire tallar nan ko da daga sashen bashi ne kawai.