Daskararren ɗanyen nama ga kare: yadda na same shi bayan na gwada

Karena ya karɓi wannan abinci hannu bibbiyu, kuma jikinsa ya nuna. Duk da haka ba kowane mai kare zan ce wa ya bi sahuna ba, domin rabin abin da za ka saya ne kawai ke zuwa cikin kwali. Ɗaya rabin aiki ne da zai hau kanka kullum, safe da yamma, kuma masu talla ba su cika ambatonsa ba.

Kamfanin da nake saya a wurinsu suna niƙa naman kaza ko na shanu tare da ƙashi da kayan ciki, su daskarar da shi leda-leda, rabin kilo kowace, su aiko cikin kwali mai riƙe sanyi. Tsarin da suke bi shi ne wanda masu harkar ke kira 80-10-10: kaso 80 cikin 100 tsoka, kaso 10 ƙashi, kaso 10 kayan ciki. Rabin wannan goman na ƙarshe hanta ce, sauran kuma ƙoda ko saifa. Zuciya da ƙundu a wannan lissafi tsoka ake ɗaukarsu, ba kayan ciki ba, kuma nan ne masu haɗawa da kansu a gida suka fi tuntuɓe. Babban kare yana cin kaso 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa a rana. Nawa kilo 25 ne, wato tsakanin giram 500 da 750. Ba a yin wannan da ƙiyasin ido, sai da sikeli. Ni na tsaya a wajen giram 600, ina kuma shafa haƙarƙarinsa lokaci-lokaci: idan yatsa na jin ƙashin ba tare da an danna ba, amma ido ba ya ganinsa daga nesa, to awon ya yi daidai.

Abin da na fara lura da shi kashinsa ne. Ya ragu ƙwarai, ya yi tauri, warin ma ya ja baya. Wanda ke kwashe kashin kare kullum ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai ruwa: kwanon da a da yake ƙarewa kafin la'asar yanzu yakan wuni da saura. Wannan bai tayar mini da hankali ba, don ɗanyen nama kusan kaso 70 ɗinsa ruwa ne, busasshen abincin buhu kuwa bai wuce kaso 10 ba. Gashinsa ya yi sheƙi, gaskiya ne, amma ban yarda ɗanyantakar ce ta kawo hakan ba. Kitse ne ya yi yawa a abincin, kuma kitse ko dafaffe ne zai sa gashi ƙyalli. Haƙora kuwa ban ga wani canji ba. An rubuta a jikin ledar cewa yana tsabtace haƙori, alhali niƙaƙƙen nama ne da kare ke lashewa cikin minti ɗaya ba tare da ya tauna komai ba. Gwaguya ce ke kankare datti, ita kuma babu ita a nan.

Na kaza ya fi na shanu ƙashi, ko da yake kason ƙashin da aka rubuta a jikin ledojin iri ɗaya ne. Duk ranar da ya ci na kaza zalla, washegari sai ka gan shi ya tsuguna yana nishi, abin da zai fito fari fat, yana marmashewa kamar alli. Alamar ƙashi ya yi yawa ke nan. Da na fara haɗa rabi kaza rabi shanu sai abin ya daidaita. Hanta kuma akasin haka take yi, idan ta yi yawa zawo ne, kuma taruwar bitamin A da ke cikinta a jikin kare na tsawon lokaci tana da tata illar.

Akwai hoton kyarkeci a jikin kwalin, da rubutun cewa wannan ne abincin kakannin karenka. Wannan salon ciyarwa ya yaɗu ne tun bayan da wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafinsa a 1993, kuma hujjar kyarkeci na tare da shi tun lokacin. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni. A 2013 masu bincike a Suwidin sun nuna cewa kare yana da kwafin ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci fiye da na kyarkeci nesa ba kusa ba. Dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar abincin ɗan Adam sun sauya masa ciki. Kuma kyarkecin daji ba ya kai shekarun da muke fata karnukanmu su kai. In za a sayar mini da nama, a sayar mini da shi don ingancinsa, a bar kyarkeci a dajinsa.

Inda na fi jin haushin kamfanin shi ne lakabi. Suna da iri biyu, ledojin kusan launi ɗaya. Ɗaya an rubuta masa cikakken abinci, ɗayan kuma abincin ƙari, da ƙananan haruffa a can ƙasa kusa da ranar lalacewa. Bambancin ba wasa ba ne. Cikakke shi ne wanda aka haɗa bisa ma'aunin AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, ƙungiyoyin da ke fitar da ma'aunin abincin dabbobi. Tsarin 80-10-10 shi kaɗai yakan gaza a wajen sinadaran manganis da aidin, da bitamin D da E. Karen da ya girma zai iya ɗaukar watanni kafin giɓin ya bayyana a jikinsa. Ɗan kwikwiyo ba shi da wannan sararin, musamman na manyan jinsi. Nama cike yake da fosfaros amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, kare kuma yana bukatar kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaros. Idan lissafin ya karkace lokacin da ƙashi ke girma, ƙafafu kan lanƙwashe, kuma ba kullum ake iya gyarawa ba.

Sai batun tsabta, wanda shi ne ainihin nauyin. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida. An sami ƙwayar cutar Salmonella a 15, ta Listeria a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito da matsayar da ke hana gwiwar ciyar da karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama. Firiza ba ta kashe waɗannan ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da naman ya narke sun farka. Kuma kare na iya ɗauke da su yana zubarwa a kashinsa alhali shi garau yake, yana wasa yana kaɗa jela. Likitan da ke duba nawa bai hana ni ba, amma tambayarsa ta farko ba a kan karen ta kasance ba, a kan waɗanda ke zaune a gidan ne.

Ga yadda abin yake a aikace. Da daddare zan ciro ledojin da zai ci washegari daga firiza in sa cikin roba mai murfi, in ajiye a can ƙasan firij. Robar dole ce, don ledojin nan suna yoyo ta kusurwa, da safe za ka tarar da jan ruwa ya kwanta a gindinta. In auna, in zuba masa a kwanon ƙarfe, in tsaya har ya gama, abin da ya rage bayan rabin awa a zubar. Sannan wankin kwano da ruwan zafi da sabulu, da soso nasa na daban, a goge wurin da ya ci da bilic, a wanke hannu har gwiwa. Shi kuwa ya ɗago da haɓa jiƙe da ruwan nama, kai tsaye zai nufi wanda ya fi ƙauna ya lashe shi. Wannan lasar ce ba ni da maganinta sai dai in tsare shi in goge masa baki. Gidan da ke da jariri mai rarrafe, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ban ga dalilin shigar da wannan abinci cikinsa ba. Listeria kaɗai ta isa dalili ga mai ciki.

Wuri ma abin lissafi ne. Giram 600 a rana kilo 18 ke nan a wata, aljihun firiza biyu sun tafi. Tafiya da shi wahala ce, barinsa a hannun wani kuma sai ka rubuta takarda guda ta umarni. Akwai lokacin da kwalin ya iso a makare, ledojin sama sun yi laushi har yatsa na nutsewa. Sun musanya ba gardama, wannan na yaba musu, amma sai da na aika hoto.

Masu cewa za su haɗa nasu a gida don su huta da kamfani, su kula da abu uku. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya zama tsini, ba a ba kare shi ko kaɗan. Ƙashin ƙafar saniya, ko ɗanye ne, yana da tauri ƙwarai kuma yana iya fasa wa kare turmin sama. Ɗanyen huhu da hantar tumaki kuma, idan ba a duba su ba, na iya ɗauke da tsutsar da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya koma ga mutum ya zama ƙullutun ruwa a hanta.

Yanzu cikakken kaɗai nake saya, ina ba shi da safe, da yamma kuma busasshe mai kyau, kuma cikinsa bai nuna wata damuwa da haɗin ba. Na rubuta wa kamfanin ina neman sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta na rukunin da suka aiko mini. Jadawalin sinadarai suka turo, wanda dama yana jikin leda. Na sake tambaya, kuma amsar da za su bayar ce za ta yanke ko zan sabunta odar wata mai zuwa.