Child-Pugh ko MELD: wanne ne ya faɗi gaskiyar halin hantar?

Malama, kin ce mahaifinki yana fama da ciwon hanta da ya daɗe, wani likita ya rubuta masa Child-Pugh B, wani kuma ya rubuta MELD 14, kina son sanin wanda za ki gaskata. Allah ya ba Baba lafiya. Likitocin ba su saɓa wa juna ba, domin kowane ma'auni da tambayar da aka ƙirƙire shi ya amsa.

Child-Pugh shi ne tsohon. Likitocin tiyata biyu na Jami'ar Michigan a Amurka, Child da Turcotte, suka fito da shi a 1964 domin gane majinyacin da zai iya jure tiyata, sannan Pugh da abokan aikinsa a Landan suka yi masa gyara a 1973. Abubuwa biyar yake dubawa. Uku daga gwajin jini suke: bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, albumin, furotin ɗin da hanta ke sarrafawa, da INR, wanda ke nuna jinkirin daskarewar jini. Sauran biyun likita ne ke tantance su da idonsa da hannunsa, wato taruwar ruwa a ciki da ruɗewar tunani da ke samun mai ciwon hanta. Kowane ɗaya yana samun maki 1 zuwa 3, don haka jimilla tana tsakanin 5 da 15. Mai 5 ko 6 yana rukunin A, mai 7 zuwa 9 yana B, daga 10 zuwa sama kuwa C ne.

MELD ya fito ne daga asibitin Mayo na Amurka a 2000, kuma tun 2002 Amurka ke amfani da shi wajen jera masu jiran dashen hanta. Bilirubin da INR da kiriyatinin, sinadarin jini da ke nuna aikin ƙoda, kaɗai ya ɗauka a fasalinsa na 2002, ana saka su cikin lissafi a sami lamba daga 6 zuwa 40, wadda ke ƙiyasta haɗarin rasa rai cikin wata uku. An ƙara masa sodiyam a 2016, sabon fasalinsa na MELD 3.0 kuma ya haɗa da albumin da jinsi, saboda tsohon lissafin yana tauye mata, waɗanda kiriyatinin ɗinsu kan yi ƙasa don ƙarancin tsoka.

Babban bambancin yana wajen ƙoda. Mu ɗauka majinyaci yana da bilirubin 2.5, albumin 3.0, INR 1.5, ɗan ruwa a ciki, hankalinsa kuma garau. Makinsa na Child-Pugh 8 ne, rukunin B, idan kuma kiriyatinin ɗinsa 1.0 ne, MELD zai ba shi 14. To, a ce gudawa ta kama shi, ko ya yi kwanaki yana shan diclofenac don ciwon gwiwa, kiriyatinin ya haura zuwa 2.0. MELD zai tashi zuwa 21, alhali Child-Pugh na nan a 8 bai ko motsa ba, domin ba ya kallon ƙoda ko kaɗan. A mai ciwon hanta kuwa, taɓuwar ƙoda na daga cikin alamu mafi haɗari.

Shi ma MELD yana da makantarsa. Akwai majinyacin da ake zuƙe masa ruwa daga ciki a kai a kai, ko wanda ke kwana ido biyu ya wuni yana barci, yana manta sunayen jikokinsa, amma lambarsa ta MELD ba ta taka kara ta karya ba, saboda lissafin jini kawai yake karantawa. Child-Pugh zai kama wannan, sai dai a nan ma ra'ayin likita na shiga: ruwan da wani ya kira kaɗan wani zai kira shi matsakaici, maki ɗaya kuma ya isa ya fitar da mutum daga A zuwa B. Haka nan da zarar bilirubin ya wuce 3, maki 3 ne, ko 4 yake ko 20. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuwa INR ɗinsa zai kumbura ma'aunan biyu ba da laifin hanta ba.

A ganina, ga majinyacin da ba ya cikin layin dashen hanta, wanda shi ne halin mafi yawan masu ciwon hanta na ƙwayar hepatitis B a ƙasashenmu, Child-Pugh ya fi amfani yau da kullum, tunda da shi ake daidaita yawan magunguna da dama, da shi kuma ake auna ko jiki zai ɗauki tiyata ko maganin kansar hanta. MELD shi ya fi saurin nuna cewa al'amari ya fara sauyawa, kuma 15 ne iyakar da likitoci kan fara maganar dashe, don haka 14 ɗin Baba lamba ce da ya kamata a riƙa maimaita gwajinta.

Idan za ki gwada lissafin da kanki a intanet, ki duba ma'aunin da ke jikin takardar. Ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya da µmol/L suke rubutawa, inda kiriyatinin 1.0 na ma'aunin mg/dL, wanda lambobin da na kawo a sama suke ciki, yake zama 88, bilirubin 2 kuma 34. Wanda ya saka su a gurbin mg/dL zai ga lambar da za ta tayar masa da hankali a banza. Ranar komawa asibiti ki riƙe tsofaffin takardun gwajin a jere bisa kwanan wata, ki tambayi likita nawa kiriyatinin da sodiyam suke, ki kuma nuna masa duk abin da Baba ke sha, har da na gargajiya.