Manhajar iNaturalist da faɗa-wutan damina a Damagaram: tana ajiya da kyau, amma kar a amince mata da suna

Da ruwa ya zauna, daga Yuli zuwa Satumba, duk fitilar da aka kunna a Birni ko Zango sai faɗa-wuta sun rufe ta. Cikinsu akwai ƴan gida, kamar uwar murzuna mai ɓarnar zangarniyar hatsi, akwai kuma baƙi masu dogon zango. Agrius convolvuli, babban nan mai ruwan toka da zanen ja-ja a ciki, yana kai da kawowa tsakanin Afirka da Turai, tsutsarsa kuma ganyen dankali take ci. Waɗannan ƙwari abincin jemagu da yautai ne, shi ya sa masu kare namun daji ke son sanin lokacin zuwansu.

Manhajar iNaturalist kyauta ce, tun 2008 take, akwai ta da Faransanci. Ka ɗauki hoto, ta haɗa shi da rana da wuri, masana daga ko'ina su duba. In fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda da suna ɗaya, bayanin ya shiga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya, inda masu bincike ke ɗauka. A nan ba ta da laifi. Tana ajiye hotuna ko babu intanet, don haka mai lambu a Miriya ko Gidimuni zai iya tara na mako ya tura in ya shigo gari. Sai dai a kashe turawa ta kai-tsaye, in ba haka ba kuɗin intanet zai tafi ba ka sani ba.

Rauninta shi ne sunan da take ba da shawara. Da hotunan jama'a aka koyar da ita, kuma na Turai da Amurka sun fi na Sahel yawa nesa ba kusa ba. Sai ka nuna mata ɗan ƙaramin faɗa-wuta na gonar gero, ta liƙa masa sunan wani da bai taɓa taka Nijar ba. In ba ka da tabbas, zaɓi Lepidoptera kawai, wato sunan dangin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi gaba ɗaya, ka bar wa masana sauran. Amsa kan yi jinkiri, wani lokaci watanni.

Kayan jawo faɗa-wuta don ɗaukar hotonsu ba su da yawa: farin ƙyalle mita 2 da mita ɗaya da rabi, igiya, da fitilar UV (mai hasken ultraviolet da ke jawo ƙwari) mai aiki da batirin cajin waya, tunda kuran ba abin dogaro ba ne. A rataya ƙyallen inda iska ba ta bugawa, nesa da fitilun titi, daga bayan isha'i zuwa sha biyun dare. Daren farin wata asara ne. Daren duhu mai zafi bayan ruwa shi ne na aiki. Kar a ƙura wa fitilar ido.

Hoto shi ne inda akasari ake faɗuwa. Farin ƙyalle na ruɗin kyamara, ƙwaron ya fito baƙi ƙirin ba zane. Lallaɓa shi ya hau kwalin ƙwai, haska tocila daga gefe, ka ɗauki ɗaya ta sama ɗaya ta gefe, da ƙwandalar dala ashirin kusa da shi don a gane girma. A kula da hangara, ita ma tana bin haske, kuma in aka murje ta a jiki sai fata ta yi bororo.

Wani giɓin kuma: manhajar ba ta ƙirga, ba ta rubuta daren da ba a ga komai ba, alhali ta yawan ƙwarin ko rashinsu ake gane ƙaurarsu. Sai ka rubuta adadi da awanni a wurin bayani, ka riƙe littafi daban, ka kuma tsaya kan wuri ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako. Kafin a kwanta a kashe fitila a kakkaɓe ƙyallen cikin ciyawa, don kada tsaka da ƙadangaru su cinye ƙwarin da safe.