Tef ɗin awon nauyin shanu: ra'ayina bayan na kiwata sa na farko da shi

Wanda ya tashi cikin shanu, kallo ɗaya zai yi wa sa ya faɗa maka ko gaba yake yi ko baya. Ni ba ni da wannan idon. Da na yanke shawarar turke dandaƙaƙƙen maraƙi don iyalina su ci naman da muka san asalinsa, likitan dabbobi ya ce in nemi tef ɗin awon nauyi, tunda sikelin shanu ba abin da mai sa ɗaya zai ajiye a gida ba ne.

Kamar tef ɗin tela yake, sai dai ya fi tsawo, kuma kusa da kowace santimita an rubuta kilo nawa take nufi. Za ka zagaya shi a ƙirjin san, dab da bayan ƙafafun gaba, ta bayan tozo idan mai tozo ne, ka ja har ya kwantar da gashi amma kada ya nutse cikin fata. Dole san ya tsaya daidai a kan ƙafafunsa huɗu, kansa a miƙe. In ya sunkuya yana ci, ko ya cika tumbi da ruwa, lambar takan canza. Shi ya sa nake awo da safe kafin in zuba masa abinci. Da farko nawa ba ya yarda, da ya ji sanyin robar a hamatarsa sai ya zabura. Da na riƙa sosa masa wuya ina rataya masa tef ɗin a gadon baya ba tare da na auna ba, a hankali ya daina kulawa.

Inda abin nan ya fi yi mini amfani shi ne wajen magani da abinci. Allurar ivermectin ta tsutsar ciki da ƙwarin fata, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, mililita 1 ake yi wa kowane kilo 50. In ka yi kirdado ka rage, tsutsar ba ta mutuwa duka, kuma waɗanda suka tsira su ne ke haifar masu jure magani. Haka abinci: sa yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa a rana. Ka ga mai kilo 270 yana buƙatar wajen kilo 7, allurarsa kuma ta ɗan haura mililita 5. Ba tare da sanin nauyi ba, duk lissafin nan shaci-faɗi ne. Lokacin da na fara haɗa masa dusa da hatsi a kan ciyawa, kaɗan-kaɗan na riƙa ƙarawa har tsawon mako biyu zuwa uku, don hatsi mai yawa lokaci guda yana tsamar da tumbi ya jawo zawo da kumburin ciki. Tef ɗin ne ya nuna mini canjin ya karɓe shi, domin sa mai samun kulawa yana iya ƙara kusan kilo 1 a rana.

Amma fa kada ka ɗauke shi sikeli. Yawancin irin wannan tef a kan shanun Turai aka tsara su, irin su Holstein, don haka a jikin sa mai tozo, ko ramamme, ko mai ƙiba sosai, yakan kauce. Ni nakan gwada shi da tsohon lissafin nan: ka ninka zagayen ƙirji da zagayen ƙirjin, ka ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gefen wutsiya, duk a santimita, sannan ka raba da 10,840. Zagaye 150 da tsawo 130 zai ba ka kusan kilo 270. In biyun suka yi kusa, hankalina ya kwanta. Abin da ya ɓata mini rai kawai, lambobin nawa sun fara gogewa tun kafin kiwon ya ƙare, daidai wurin da yatsa ke riƙewa.

Ya kuma taimaka mini shirin yanka. Bayan an cire fata, kai, ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura bai cika wuce kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na nauyin san ba, in an zare ƙashi kuwa ya ƙara raguwa. Sanin haka ya sa na tanadi firiza daidai naman, na kuma dakatar da magani da wuri, don kwanakin jiran fitar magani daga jikinsa, da aka rubuta a jikin kwalba, su cika kafin mahauci ya zo.

In za ka saya, duba cewa na shanun nama ne ba na masu madara ba, a kilo aka rubuta, kuma lambobin suna ƙarƙashin rufin roba.